Ruwan da Ya Zo Ba Hadari

Aishatu ta shekara uku a gidan su Madu, a nan Babura, ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba. Ba ta daɗe da tarewa ba yaƙin basasa ya ɓarke, mijin ya bi samari zuwa Kano ya shiga soja. Da shekara ta zagayo sai ga ɗan doka daga Kazaure, ya ce an aiko daga bariki cewa an nemi Madu an rasa bayan wani gumurzu can bakin teku. Bai ce ya mutu ba. An nema an rasa, iyakar abin da ya faɗa ke nan, kamar mai cigiyar akuya, ya sha ruwa ya hau kekensa.

Kakar Madu, Ya Kaka, ita ta raine shi, kuma ita ce mai gidan, ko da yake wansa Kaumi ne yake zama a zaure yana amsa gaisuwa. Tsohuwa ce 'yar Barno, mai haɗa turaren wuta, ta tsufa a cikinmu amma har yau Hausarta ba ta gama nuna ba. Ranar da mata suka yafa mayafi suka taho yi mata gaisuwa, a bakin ƙofa ta tare su, ta ce ba a yi mutuwa a gidanta ba, kowacce ta koma ta duba tukunyarta. Daga ranar ta kafa doka: Aishatu matar matafiyi ce. Kitso ba zai tsufa a kanta ba, lalle ba zai goge a ƙafarta ba, 'yan kunne ba za su bar kunnenta ba. Duk Alhamis ta share ɗakin mijinta ta turara shi, kada ya dawo ya tarar da ita kamar mai takaba.

Haka muka zuba ido yarinya tana ramewa cikin ado. Ko kuka ba ta da damar yi, don in tsohuwar ta ga idonta ya yi ja sai ta ce mugun fata take yi wa jikanta. Mahaifinta, Maikasuwa, ya yi ta zarya daga 'Yankwashi. Liman ya gaya masa gaskiya: aure yana nan daram muddin ba wanda ya shaida mutuwar, sai dai a kai wa alƙali ya yanka mata wasu shekarun jira. Maikasuwa kuwa kunya ba za ta bar shi ya kai surukansa ƙara ba. Aka gama yaƙi, sojoji suka riƙa zuwa hutu da rediyo rataye a kafaɗa, duk wanda aka tambaya sai ya ce ba bataliyarsu ɗaya ba. Aka kuma samu wasu a ƙasar Roni da aka riga aka yi musu sadakar arba'in, sai ga su sun dawo da ƙafarsu daga hannun 'yan Biyafara. Wannan labari ya ƙara wa Ya Kaka ƙarfi, har turaren Alhamis ta ninka.

Mutum ɗaya aka san sun tafi tare, Na'Allah, ɗan wani magatakarda a fadar Kazaure. Shi aka zauna jira. An riƙe rundunarsu a Gabas, sai da aka shekara da gama yaƙi ya samu hutu. Abin da ya faru a can, daga bakinsa na ji shi.

A layin ɗaukar soja suka haɗu. Madu ya dubi siririn Bafulatanin da ke gabansa ya ce Allah ya kashe ya ba shi bawa tun kafin a ba shi bindiga. Na'Allah ya waiwayo ya ga tsagen fuskarsa, ya ce ashe har Barebari ake ɗauka, to yaƙin ya lalace. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, amma waɗannan biyun sun mai da shi sana'a. Kwano ɗaya suke ci, bargo ɗaya suke rufa, kuma ba wanda ya taɓa jin ɗayansu ya kira ɗaya da sunansa. Wannan ya ce Babarbare, wancan ya ce Fulata, yadda mutanen Barno suke kiran Bafulatani.

Sun yi wata da watanni suna fafatawa a cikin daji, sannan aka zuba su a ƙasan jirgin ruwa aka rufe, suna ta amai, ba su ga tekun ba balle su san halinta. Da safe aka sauke su a wani ƙauyen masunta da mutanensa suka gudu. Daga nan suka hango abin da aka kawo su dominsa, wata tsohuwar kagara a kan tudu, daidai inda kogi yake shiga teku. Turawan cinikin manja ne suka gina ta da dutse tun zamanin kakanni, kaurin katangarta ya isa mutum ya kwanta a kai, ga tsofaffin igwa masu tsatsa a samanta. 'Yan Biyafara sun kafa babbar bindiga a can sama, duk jirgin da ya nemi shiga kogin da abinci ko harsashi sai sun yi masa ruwan wuta. Muddin kagarar tana hannunsu, rundunar ba za ta matsa gaba ba. An gwada ta ruwa an sha kashi, saboda haka kyaftin ya ce a bi ta baya da ƙafa.

Tsakanin ƙauyen da kagarar akwai wani fili mai faɗi, yashi da laka, da kwalekwale nan da can a kwance, kowanne ɗaure a dogon turke da ya fi mutum tsayi. Madu ya duba ya ce ashe su ma koginsu yana ƙafewa. Da gani ka ga kogin Tomas da rani, inda mata suke tonon yashi su ɗebi ruwa. Sojojin da aka haifa a bakin teku sun san ruwan wurin yana janyewa ya dawo kullum, amma abu ne da ko yaron goye ya sani a ƙasarsu, ba wanda ya ga dalilin zaunar da ƙarti ya koya musu. Kyaftin dai ya yi ta duba agogo yana cewa a yi sauri. Shi kuwa soja ba ranar da ba a ce masa ya yi sauri ba.

Da hantsi suka shiga filin. Sai da suka kai tsakiya bindigar ta buɗe wuta. Na gaba suka zube, na baya suka kwanta a laka suna rarrafe. Harsashi ya samu Madu a cinya ya karya ƙashin. Na'Allah ya ja shi ta wuyan riga har bayan wani babban kwalekwale, inda yashin yake da tauri kuma harsashi ba ya kaiwa. Ya yaga rigarsa ya ɗaure cinyar, jinin ya lafa. Ya so ya goya shi ya mai da shi ƙauyen, amma da nisa, kuma fili ne fetal.

"Fulata, ƙwaryar nono ma da ƙyar kake ɗauka, ni za ka goya?" in ji Madu. "Bar ni a nan. Wurin ya fi gadon bariki."

Na'Allah ba wawa ba ne. Ya dubi kwalekwalen, ya dubi turken, ya ce, "Babarbare, nan fa hanyar ruwa ce."

"To dubi sama."

Suka ɗaga kai su biyu. Haka aka koya mana tun muna yara: kafin ka tsallaka kogi, ko ka bar dabba a cikin yashinsa, dubi gabas, ka dubi wajen duwatsu inda kogin ya fito. In ba hadari, ruwa ba zai zo ba. Sama tas take, rana tana dukansu, ko ɗigon girgije babu.

"Ka taɓa ganin kogi ya kawo ba hadari?" in ji Madu. "Je ka ƙwato wa ubangidanka gidan can, ka share ɗaki mai kyau, ka dawo ka ɗauke ni. Aikin bawa ke nan."

Na'Allah ya kwance gorar ruwansa ya ajiye masa a gefe, kada ƙishi ya dame shi kafin ya dawo. Ya ɗauki bindigarsa ya bi sahu.

Waɗanda suka kai gindin katangar sun tsira daga bindigar sama, don ba ta iya sunkuyowa ta same su. Saje Sama'ilu, mutumin Gwiwa, ya zagaya da su har suka samu wata ƙofar ƙarfe da tsatsa ta cinye, aka fasa ta da gurneti. Ciki duhu, ga warin tsohon manja da kashin jemage. Ɗaki-ɗaki aka bi, inda ba ka sanin wanda ka harba sai ka taka shi. Masu tsaron ba su da yawa, yunwa ta gama da su, wasunsu da gani daga makaranta aka kwaso su. Amma sun tsaya. Da harsashinsu ya ƙare suka koma jifa da duwatsu da kwalabe daga kan matakala, kuma sai da la'asar ta kusa sannan na ƙarshensu suka ɗaga hannu.

Na'Allah yana cikin waɗanda suka fara hawa saman. Bai bi ta kan bindigar da ta hana su sakat ba, ya wuce bakin katangar ya leƙa wajen da ya bar mutuminsa. Babu fili. Ruwa ne shimfiɗe tun daga gindin kagarar har cikin itatuwan ƙauyen, rana tana walƙiya a kansa. Babban kwalekwalen ya miƙe yana juyawa a kan igiyarsa, kan turken kawai ya rage a waje. Ya ɗaga kai ya dubi sama, har yanzu tas take.

Bai iya ruwa ba, amma ya sauko da gudu zai faɗa. Saje Sama'ilu da wasu suka danne shi. Washegari da hantsi ruwan ya janye suka fita kwasar gawa. Sun samu wasu a maƙale cikin saiwoyin itatuwa. Madu ba ya ciki. Kwalekwalen ya koma ya kwanta daidai inda yake jiya, yashin bayansa sumul kamar an share. Bayan 'yan kwanaki aka ce su bar kagarar, yaƙi ya yi gaba, ba a bukatarta.

Ranar kasuwar Babura Na'Allah ya sauka a motar Kazaure, cikin farar riga, ba kaki ba. Kafin ya kai gidan labari ya riga shi, zaure ya cika: liman, Kaumi, Maikasuwa da ya zo cin kasuwa, da mu maƙwabta da ba wanda ya gayyace mu. Maikasuwa ya tare shi a waje ya ja shi gefe. Ina kusa, na ji.

"Ɗana, abu ɗaya nake roƙo. In an tambaye ka ko ka ga gawa, ka ce ka gani. Yarinyar nan ta ƙare."

Na'Allah ya sunkuyar da kai ya shige zauren.

An shimfiɗa wa Ya Kaka tabarma a bakin ƙofar ciki, Aishatu tana tsugune a bayanta da sabon kitso, ƙafafu jawur da lalle. Tsohuwar ta ƙare wa baƙon kallo ta ce, "Fulata, kai kaɗai? Ina ka baro ubangidan naka?"

Ko yaro a Kazaure ya san amsar da ake ba Babarbariya in ta yi irin wannan tambaya. Na'Allah ya durƙusa ya ce, "Ina wuni, Kaka. Mun same ku lafiya?" Ganin bai rama ba, zauren ya yi tsit.

Ya ba da labarin tiryan-tiryan, bai ƙara gishiri ba, bai kuma rage ba. Da ya gama liman ya gyara zama.

"Ka ga gawarsa?"

"Allah gafarta malam, ban gani ba."

Maikasuwa ya runtse ido.

"To me ya sa ka tabbata ya rasu?"

"Ƙashin cinyarsa a karye yake, ko jan gindi ba zai iya ba. Ruwan kuma ya kusa shanye turken da ya fi ni tsayi."

"An yi ruwan sama ke nan a wani wuri," in ji Kaumi.

"Ba a yi ba, Yaya. Haka ruwan wurin yake. Ya tafi da kansa, ya dawo da kansa."

Kaumi ya yi 'yar dariya marar daɗi. Mutum ne da fataucin hatsi ya kai shi Damagaram da Maraɗi, saboda haka yana ganin ba abin da ya rage a duniya bai gani ba. Ya ce, "Kogi ya kawo rana tsaka, ya shanye mutum, ya koma, gobe ma ya sake. Wa yake buɗe shi, wa yake rufewa? Ka ce wuta ta yi zafi kun bar shi, mutanen can sun kama shi, sai mu gane. Ba kai ne farkon wanda ya gudu ba."

Gaskiya mu ma a ranmu haka muka ce. Mun sha jin labarin sojoji, wani ya ce ya ga kifin da ya kai jaki, wani ya ce harsashi ya zama ruwa a jikinsa. Na'Allah ya rantse, ya sake rantsewa, rantsuwar ta ƙara sa aka ƙi yarda. Na ji tausayinsa, don ya yi tafiyar nan ne ya sauke nauyi, ga shi ana neman a mai da shi maƙaryaci kuma matsoraci. Liman ya ce shi dai ba zai iya ɗora hukunci a kan ruwan da bai taɓa jin irinsa ba. Wato Aishatu ta koma ta ci gaba da shara da turare.

Wannan ya kamata ya yi wa Ya Kaka daɗi, tun da abin da ta shekara uku tana karewa ke nan. Amma tun da aka ambaci ruwan ta daina jan carbi.

"Fulata," ta ce, "ruwan nan, da ƙara yake zuwa?"

"Ranar ban gani ba, Kaka, ina cikin kagarar. Amma mun yi kwanaki a wurin, kullum ina kan katangar ina kallonsa. Shiru yake zuwa."

"Ta gaba, ko ta ko'ina?"

"Ta ko'ina. Ramuka yake fara cikawa, ya zagaye tudu. Kafin mutum ya ankara ba hanya gaba, ba hanya baya."

"Da 'yar kumfa a bakinsa, yana turo ciyayi."

"Haka ne, Kaka."

Sannan ta juya wajen Kaumi, ta yi masa magana da Hausa don kowa ya ji.

"Kai a cikin yashi aka haife ka, ba abin da ka sani. Ina yarinya ubanmu ya kai mu noma bakin tafkin Chadi, mu ma baƙi ne a wurin. Can ruwa ba ya jiran hadari. Lokacin sanyi yake zuwa, in iska ta juya sai ya shigo gona kana tsaye. Ubanmu ya ɗaure jakinsa a kan tudu, ya dubi sama, muka tafi girbi. Da muka dawo ba tudu, ba jaki. Shi ƙafarsa huɗu lafiya lau, igiya ce kawai ta riƙe shi. Jikan nawa kuwa ƙafarsa a karye." Ta gyara mayafinta. "Wanda bai ga ruwan nan ba, ba zai iya faɗarsa haka ba. Yaron nan bai yi ƙarya ba. Madu ya rasu. Malam, a yi masa addu'a."

Kaumi ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu, ya rufe. Liman ya yi salati ya yi addu'a, muka shafa. Ya ce tun da dangin miji sun gamsu, gobe a je gaban alƙali da Na'Allah a rufe maganar.

Ya Kaka ta sake duban baƙon. "Da za ka tafi, me ya ce maka?"

"Bai san rabuwa muke yi ba, Kaka. Wasa yake yi mini. Ya ce in share masa ɗaki mai kyau, in dawo in ɗauke shi."

"Halinsa ne," ta ce. Ba wanda ya iya duban inda Aishatu take.

Maikasuwa, hawaye har gemu, ya tambayi liman yaushe yarinyar za ta fara takaba.

"Ai takaba daga ranar mutuwa take farawa," in ji liman. "Tata ta ƙare tuntuni, tana nan tana jira. Ba abin da ya rage a kanta. In an fito daga wajen alƙali kana iya tafiya da ita."

Aishatu ta kai hannu kunnenta na dama ta zare ɗan kunnen, ta zare na hagu. Shekara uku ba a bar ta ta yi haka ba, sai muka zuba ido mu ga abin da tsohuwar za ta yi. Ya Kaka ba ta waiwaya ba. Ta miƙa tafin hannunta baya, yarinyar ta zuba mata su, ta ƙulle su a bakin mayafi.

"Yi kukanki," ta ce. "Ni ma zan yi."

Mu maza muka tashi muka ba su wuri.